Saƙo da Ɗan Aike: Tarihin Allurar Shanu a Ƙasar Kazaure

A farkon shekarun 1960 kunnen saniya ya zama takardar shaida a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kamar yadda ya zama a sauran Lardin Kano. Idan malaman dabbobi suka fito da rani, akan kafa shingen itace mai siririn lungu a bayan gari ko kusa da mashaya, a koro garke a riƙa tura shi ciki ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya soka allura, wancan ya kama kunne ya datse gefensa da ɗan ƙarfe, sannan a saki saniya ta fita tana kaɗa kai. Kowace shekara tsaga ɗaya, wadda ta tara uku kuwa ta yi ban kwana da cutar bushiya. Abin da ke cikin allurar nan, wanda ake ta kaffa-kaffa da shi cikin ƙanƙara, ƙwayar cuta ce mai rai da aka karya wa lago, aikinta shi ne ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin saniya ta sauke wani saƙo. A yau idan aka ji masana suna zancen shigar da saƙon gado, wato DNA ko RNA, cikin ƙwayoyin halittar dabba, sai a ɗauka baƙon abu ne da ya sauko jiya daga Turai. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Shanun wannan yanki sun shekara kusan ɗari suna karɓar irin wannan saƙo, kuma abin da tarihinsu ke koyarwa shi ne wahalar aikin ta fi yawa a wajen ɗan aike fiye da wajen rubuta saƙon. Ɗan aiken nan ƙofa biyu ke gabansa, ƙofar ƙwayar halitta da ƙofar ruga, kuma ta biyun ce ta fi yanke hukunci.

Ba banza ba wannan yanki ya dace da wannan nazari. Masarautar Kazaure kanta Fulani ne suka kafa ta: Ɗantunku, daga zuriyar Yarimawa, ya ɓalle daga Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1819 yana zaune a Dambatta, ɗansa Dambo kuma ya mai da hedikwata Kazaure, cikin duwatsun da ke ba da kariya. Roni da Gwiwa suna cikin wannan masarauta, suna maƙwabtaka da ƙasar Katsina. Babura, wadda yanzu take Masarautar Ringim, tana bakin iyakar Nijar, a kan hanyar da ke fita Magarya da Damagaram. Shanu ba su san wannan iyaka ba. Da kaka garkuna sukan gangaro kudu neman karmami da ruwan fadamu irin na Kogin Gari, da damina su koma arewa, farare da jajaye suna cuɗanya a burtali da mashaya da kara. Inda shanu suka haɗu kuwa, cututtukansu ma sukan gaisa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, don haka duk annobar da ta tashi a Damagaram ko Borno, ƙasar Kazaure tana kan hanyarta, duk rigakafin da aka shirya don tare ta kuma dole ya bi ta nan.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a gane abin da ake ƙoƙarin shiga. Jikin saniya an gina shi da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace ɗaya kamar gidan Bahaushe take. Tana da katanga ta siririn maiƙo, tana da zaure inda ake tantance mai shiga, tana da tsakar gida inda ake daka da girki, can ƙurya kuma akwai ɗaki da aka adana kundin gado, wato DNA. Kundin ba ya fita. Idan ana bukatar wani aiki, sai a kwafo shafi ɗaya a kan abin da ya yi kama da allo, shi ne RNA, a kai tsakar gida a karanta, a ƙera sinadarin da ya umarta, sannan a wanke allon. Wanda yake son ƙwayar halitta ta ƙera wani sabon abu, sai ya san yadda zai kai mata rubutu. A nan gizo ke saƙa. Rubutun gado tsirara dogo ne, katangar maiƙo tana ture shi, a cikin jini kuma akwai sinadaran da ke daddatsa shi kafin ya yi nisa. Halitta ɗaya ce ta ƙware a wannan shiga tun fil azal, ita ce ƙwayar bairos. Bairos ba ta ci, ba ta sha, ba ta iya haihuwa da kanta. Rubutu ce kawai cikin ambulan mai ɗauke da mabuɗin zaure. Tana shiga sai ta miƙa allonta, mutanen gida su bar aikinsu su koma ƙera mata 'ya'ya. Ƙwayar bushiya, wadda 'yar uwar ƙwayar ƙyanda ce, haka take yi.

Mutanen wannan ƙasa sun ga ƙarfin wannan ɗan aike tun kafin su san sunansa. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu daga Indiya a tashar Masawa da ke bakin Bahar Maliya, bushiya ta sauka tare da su, ta ratsa Habasha da Sudan, wajen 1890 zuwa 1891 ta iso Borno da ƙasar Hausa. Saniya sai ta kama zazzaɓi, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya fashe da gyambo, zawo ya biyo baya, cikin kwanaki ta faɗi. A wurare da yawa takwas ko tara cikin goma sun mutu. Fulani suka laƙaba wa wannan annoba suna Sannu, saboda gaisuwar jajen da ta zama ruwan dare. Ta dawo a 1913 zuwa 1914, lokacin da ta haɗu da babbar yunwa, ta sake dawowa a 1919 zuwa 1920. Amma kuskure ne a ɗauka makiyaya sun naɗe hannu ga cututtukan shanu. Ga ciwon huhu suna da tsohuwar dabara da ta bazu daga Senegal har Tafkin Cadi: a yanko ɗan guntun huhun saniyar da cutar ta kashe, a tsaga fatar karan hancin mai lafiya, a cusa shi ciki, idan kumburi ya nemi wuce gona da iri a tare shi da lalas. Tabon yakan taso ya yi tauri, har wani masanin Faransa, Rochebrune, da ya gan shi a Senegal ya zaci ya gano sabon jinsin shanu masu ƙaho uku. Ciwon huhu bakteriya ce ke kawo shi, don haka wannan ba shigar da saƙon gado ba ne a ma'anar yau. Duk da haka makiyayi ya riga ya gano ginshiƙin ilimin: cutar da ke kisa idan ta bi ta numfashi, tana iya zama garkuwa idan aka bi da ita ta wata ƙofa.

Turawan mulki sun fara aikin likitancin dabbobi a Zariya wajen 1913, suka mai da ɗakin bincikensu Vom a 1924, kuma bushiya ce ta sa suka yi hakan. Dabarar farko da suka yaɗa an ƙirƙiro ta ne a Afirka ta Kudu a ƙarshen shekarun 1890, ita ce allura biyu a lokaci guda. A gefe ɗaya a soka wa saniya jinin wadda ke fama da bushiya, da ƙwayar cutar da ƙarfinta duka, a ɗaya gefen a ɗura mata ruwan jinin wadda ta warke. Wato an saki ɓarawo cikin gida, an kuma turo dogarai a bayansa. Idan ma'auni ya daidaita, saniya ta yi 'yar rashin lafiya ta tashi da garkuwar har abada, idan bai daidaita ba ta mutu. Dole garke ya zauna a sansani makonni, jinin da ake ɗura wa shanu kuma yakan zo da wasu cututtuka a ɓoye. Ga kuma wata matsalar da ba ta cikin kwalba. En'en da ke turo malamin dabbobi ita ce ke karɓar jangali, kuma kowa ya san duk saniyar da ta bi ta lungun shinge an ƙirga ta. Makiyayin da ke ɓoye rabin garkensa daga mai ƙidaya, ko ya tsallaka ƙasar da Faransa ke mulki idan lokacin biya ya zo, abin da bai fi tafiyar yini ba daga yankin Babura, yana da dalilin yin ɗari-ɗari da mai allura. Duk da haka makiyaya sun riƙa kawo shanu, domin gani ya kori ji: bushiya ta zo ta share garken da aka ɓoye, ta bar wanda aka kai sansani.

Daga nan tarihin rigakafin bushiya ya zama tarihin horar da ɗan aike. A shekarun 1920 a Mukteswar ta Indiya, J. T. Edwards ya riƙa ɗaukar ƙwayar daga akuya zuwa akuya har sau ɗaruruwa, ta saba da jikin akuya ta rage zafi a jikin saniya. Wannan rigakafin akuya ya maye gurbin allura biyu a Najeriya daga wajen shekarun 1940, ya fi arha, amma har yanzu yakan sa zazzaɓi, yakan kuma kayar da raunanan shanu. Wanda ya ƙarasa aikin shi ne Walter Plowright, likitan dabbobi ɗan Ingila da ya yi aiki a Vom a tsakiyar shekarun 1950 kafin ya koma Muguga ta Kenya. Shi bai yi amfani da dabba mai rai ba. Ya shuka ƙwayoyin halittar ƙodar maraƙi a cikin kwalba, ya riƙa juye bairos daga kwalba zuwa kwalba har kusan sau 90. Abin da ya fito ɗan aike ne mai ladabi: yana da mabuɗin zaure, yana shiga ya miƙa allonsa, ƙwayoyin saniya su ƙera kamannin bushiya su nuna wa dakarun jiki, amma ba ya ƙona gida. Allura ɗaya, idan ta kama, ta wadatar har ƙarshen rai. Aibinsa ɗaya ne, ba ya jure zafi. Idan aka fitar da shi daga sanyi, ko aka dama shi da ruwa aka bar shi cikin ranar bazara, sai ya mutu a cikin kwalba, mai allura ya yi ta soka ruwa zalla bai sani ba.

A Kano aka yi taron 1961 da ya haifar da gangamin haɗin gwiwa da ake kira JP15, wanda ya fara a 1962 da Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Hikimarsa ita ce a yi wa kowace saniya allura shekara uku a jere, a ɓangarorin iyaka biyu lokaci guda, don kada wadda ta tsere wa allura a Babura ta tsira daga ta Magarya. Tsagar kunnen nan ta wannan zamani ce. Gangamin ya bazu zuwa ƙasashe 22 kafin a rufe shi a 1976, bushiya ta ɓace daga arewacin Najeriya har matasan makiyaya suka tashi ba su san kamanninta ba. Sai aka saki jiki. Sharaɗin shi ne kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa 'yan maruƙan kowace shekara allura, amma kuɗin waje ya janye, motoci suka lalace, firji suka mutu, ma'aikata suka zauna a ofis. Cutar kuwa tana nan laɓe a gaɓar Kogin Kwara a Mali da kuma kudancin Sudan. A farkon shekarun 1980 ta taso daga yamma da gabas, a 1983 ta mamaye arewacin Najeriya, ta kashe dubban ɗaruruwan shanu, an kuma kiyasta asarar ƙasar da kusan dala biliyan 2. Rigakafin Plowright bai canza ba, ƙarfinsa na 1983 shi ne na 1963. Hanyar da ke kai shi ruga ce ta rushe.

A daidai waɗannan shekaru, masana a wasu ƙasashe suna ta neman shiga gidan ƙwayar halitta ba tare da jiran bairos ba. A 1973 a Leiden ta Holan, Graham da van der Eb suka gano cewa idan aka cakuɗa DNA da wani gishirin kalsiyam ya zama ƙura, ƙwayoyin halitta sukan haɗiye shi. A 1980 a Jami'ar Yale, Gordon da Ruddle suka yi amfani da allurar gilashi da ta fi gashi siranta suka ɗura DNA kai tsaye cikin ƙwan ɓera da aka riga aka barbara, a 1985 kuma wasu suka yi haka ga zomo da tunkiya da alade, sai dai cikin ƙwai ɗari da ƙyar ɗaya ke ba da abin da ake so. A 1982 Neumann a Jamus ya nuna cewa ɗan jan lantarki na ƙiftawar ido yana huda katangar maiƙo, saƙo ya faɗa kafin ta rufe. A 1987 Felgner ya naɗe DNA cikin ɗigon kitse, kitse ya narke cikin kitse, wannan kuma shi ne kakan ambulan ɗin da alluran korona na Pfizer da Moderna suke amfani da shi. A 1990 Wolff a Wisconsin ya soka DNA tsirara cikin tsokar ɓera, wasu 'yan ƙwayoyi suka karɓa. Kowace hanya da tsadarta. Allurar gilashi ƙwaya ɗaya take bi, lantarki yana kashe wasu ƙwayoyin, kitse ba ya daɗewa, bairos kuwa ta fi kowa iya shiga amma ambulan ɗinta ƙarami ne, jiki kuma yakan gane ta ya tare ta a zuwa na biyu.

Hujja mafi ƙarfi ta wannan bayani tana cikin yadda aka gama da bushiya. A 1988 Tilahun Yilma, masani ɗan Habasha da ke Jami'ar Kalifoniya, ya ciro shafi biyu daga rubutun bushiya, waɗanda ke ƙera rigarta, ya saka su cikin ƙwayar da aka yi lambar agana da ita. Aiki ne na gwaninta: ɗan aike mai jure zafi, ɗauke da saƙon da aka zaɓa, babu bushiyar kanta a ciki. Ya kare shanu a gwaji, amma ba da shi aka ci yaƙin ba, domin shakku kan sakin ƙwayar da aka sarrafa da jan ƙafar samun izini sun riƙe shi. Wanda ya ci yaƙin tsohon rigakafin Plowright ne, bayan Jeffrey Mariner da abokan aikinsa sun gyara yadda ake busar da shi har ya iya yin wata guda ba ƙanƙara. A Nijar aka gwada shi a daji wajen 1990. Da ya kuɓuta daga firji, sai aka danƙa shi hannun makiyaya da aka horar, a kudancin Sudan da ƙasar Afar ta Habasha, suka kai shi da ƙafa da jaki da raƙumi inda mota ba ta zuwa. An ga bushiya ta ƙarshe a Najeriya a 1987, ta ƙarshe a duniya kuma a jikin ɓauna a Kenya a 2001, a 2011 aka shelanta cewa ta ƙare, cuta ta biyu bayan agana da ɗan Adam ya kawar. Da ɗan gari akan ci gari.

Mai hankali zai iya cewa an ja zance ya yi tsawo, domin sakin ƙwayar cuta mai rauni daban, zama a ɗakin bincike a yanka rubutun halitta a ɗinka daban. Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata a shafe bambancin ba. Plowright bai san waɗanne haruffa suka sauya a kwalabensa ba, ya dai jira sa'a ya zaɓi abin da ya fito, kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimi ya dandaƙe saura. Masanin yau yana zaɓen shafi da gangan, yana iya ɗauko shi daga wata halitta dabam. Wannan iko sabo ne, shi ya sa Najeriya ta kafa hukumar kula da amincin irin waɗannan halittu a 2015, ta kuma faɗaɗa dokar a 2019. Amma idan aka tsaya a bakin zauren ƙwayar halitta aka duba, abin da ke faruwa ɗaya ne: baƙon rubutu ya shigo, an karanta, an ƙera abin da ya ce. Hasali ma tsohuwar hanya ta fi sabuwa kasada ta wani gefen, domin ita ƙwaya ce sukutum mai hayayyafa, sabuwar kuwa sau da yawa shafi ɗaya ne da ba ya iya haihuwa. Wanda ya yarda da allurar 1962 don ya ga amfaninta, ba shi da hujjar ƙin ta yau don kawai tana ɗauke da saƙo. Hujjarsa ita ce ya tambayi wane saƙo, wa ya gwada shi, wa zai ɗauki alhaki.

Tsoro na biyu ya fi zurfi, shi ne cewa saƙon da ya shiga jiki zai sauya iri, ko ya hana haihuwa, ko ya bi zuriya. Amsar tana cikin garken 1983. Da allurar bushiya tana bin jini zuwa 'ya'ya, da jikokin shanun da aka tsaga wa kunne ba su mutu ba. Ɗan maraƙi yana samun kariya ce daga dakashin uwarsa na 'yan watanni, daga nan ya zama kamar ba a taɓa yi wa kakarsa komai ba. Dalili kuwa shi ne saƙon ya tsaya a tsakar gidan ƙwayoyin jiki, bai shiga ɗakin kundi ba, bai kuma je ga ƙwayoyin haihuwa ba. Haka alluran RNA na yau suke, allo ne da ake wankewa cikin kwanaki. Sauya iri aiki ne dabam da ake yi wa ƙwai ko ɗan tayi a ɗakin bincike, da wahala da tsada, ba a shingen bayan gari ba. Wannan ba ya nufin kowane ɗan aike amintacce ne. Akwai jinsin bairos da ke liƙa rubutunsu cikin kundi, kuma a farkon shekarun 2000 wasu yara a Faransa da aka yi wa magani da irinsu sun kamu da sankarar jini. A 1999 wani matashi, Jesse Gelsinger, ya rasu a Amurka saboda jikinsa ya yi mummunan faɗa da bairos ɗin da aka aika. Ɓoye irin waɗannan ba ya gina yarda. Faɗin su, tare da bayanin yadda suka bambanta da abin da ke hannun malamin dabbobi, shi ke gina ta.

Yarda kuwa a wannan ƙasa ba a iska take ba, tana da tarihi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya bar tabo, kuma tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004. Shi ma ɗigon bairos ne mai rauni, kuma ba a sauya kimiyyarsa ba kafin a koma karɓa. An dai sauya inda aka sayo shi, aka kawo na Indunusiya, daga baya kuma sarakuna da hakimai da masu unguwa suka shiga gaba, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a 2020. A watan Maris na 2021 allurar AstraZeneca kusan miliyan 4 ta sauka Abuja, ita kuwa bairos ɗin murar biri ce da aka cire wa ikon haihuwa aka ɗora wa shafi ɗaya na korona. A Disamban wannan shekara aka lalata wasu sama da miliyan 1 a Abuja, domin an kawo su gab da ƙarewar wa'adi. Jangali, firji, wa'adi, jita-jita: sunayen suna canzawa, amma duk a ƙofa ta biyu ake faɗuwa.

Akwai kuma mai cewa makiyayin Gwiwa ko Roni ba wannan ne damuwarsa ba, damuwarsa burtalin da gonaki suka cinye, da ruwa, da ɓarayin shanu. Wannan gaskiya ce, amma ba ta rushe bayanin ba, ƙarfafa shi ta yi. Garken da ba shi da hanya tabbatacciya ba a san inda za a same shi ranar allura ba, makiyayin da bai ga hukuma ba sai ranar tara kuwa ba zai yi mata shimfiɗa ba. Kuma yaƙi na gaba ya riga ya iso. Annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, mai zawo da majina da gyambon baki, ƙanwar bushiya ce, an fara bayyana ta a Kodebuwa a 1942, a 2015 kuma duniya ta ɗauki alkawarin kawar da ita zuwa 2030. Rigakafin da aka fi amfani da shi a Afirka sunansa Nigeria 75/1, domin daga akuyar Najeriya aka samo ƙwayar a 1975, Adama Diallo da abokan aikinsa suka horar da ita a kwalba kamar yadda Plowright ya yi. Wato ɗan aiken ma ɗan gida ne, kuma ya san mabuɗin zaurensa.

Sai dai akuya ba saniya ba ce. Ba a tara ta a shingen bayan gari ta hannun Arɗo. Yawancin awakin Kazaure da Babura suna cikin gidaje, ɗaure a turke kusa da madafa, kuma na mata ne: jarin amarya, kuɗin maganin yaro, abin fita kunya ranar suna. Malamin dabbobi namiji iyakarsa zaure, kuma kwalba ɗaya ta awaki da yawa ce, dole a ƙarar da ita cikin ɗan lokaci bayan an dama. Idan tarihin bushiya ya koyar da wani abu, to shi ne a horar da matan gari su riƙe allurar, a ba su rigakafin da ke jure zafi, a raba aikin da duk wata ƙidaya ta haraji, a kuma ci gaba da yi wa 'ya'yan kowace shekara bayan an daina ganin cutar. Masana sun shafe fiye da shekara 50 suna neman hanyar ratsa katangar da ido ba ya gani, kuma sun samu hanyoyi da yawa. Katangar da ta rage ta ƙasa ce ko ta zana, ita kuwa sai an yi sallama an amsa ake wuce ta.